Tudun da Baba Bai Raba Ba

Mahaifina ma'aikacin safiyo ne a ofishin filaye. Aikinsa auna ƙasa. A nuna masa daji, ya shiga da ma'auni da igiya da leburori, ya fito ya bar layuka da fulotai, kowanne da jan turke a kusurwarsa. Shi ya sa abokan aikinsa suke ce masa Turke, har sunan ya biyo shi gida. Innarmu ce kaɗai ba ta kiransa haka, sai in ya kafe a kan magana. A nan ne za ka ji ta ce, "To, Turke, an shiga ƙasa ke nan, sai mai guduma."

Dogo ne, rana ta gama dafa masa wuya da hannuwa. Motarsa tsohuwa ce, bayanta kullum cike da turaku da gwangwanayen jan fenti, duk wanda ya rage wa hanya sai ya sauka da tabo a riga. A gida ma bai iya ganin abu a karkace ya yi shiru ba. In Inna ta rataya labule sai ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce gefen hagu ya sauka. Ita kuma ta ce ya je ya kirawo leburorinsa su gyara.

Bai taso cikin gata ba. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi, wadda muke kira Goggo. Tela ce, da keken ɗinkinta ta yi masa makaranta har ya koyi awo. Ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba, shi kuma ban taɓa ganin ya zauna a kujera tana tsaye ba.

Shekarun aikinsa su ne shekarun da garinmu ya buɗe. Gonakin da muke wucewa muna yara duk suka zama unguwanni, har garin ya miƙe ya haɗe da wasu garuruwa biyu na maƙwabta. Ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara sai ka ga allo a bakin titi. Kowane gari da nasa ofishin filayen, kowa yana yanka fulotai yadda ya ga dama. Amma ruwan da duka ukun ke sha daga madatsa ɗaya yake fitowa, kuma hukuma ɗaya ke raba shi.

Famfon gidanmu, ina yarinya, wuni yake yana zuba. Daga baya ya koma safiya kawai. Lokacin da na yi aure na bar gida, in ka murɗa shi sai ya yi maka fito. Jarkoki suka yi layi a tsakar gida. Inna takan ce, "Kai da ka san manya, ba za ka yi magana a kan ruwan nan ba?" Sai ya ce, "Ni ƙasa nake aunawa. Ruwa na masu ruwa ne." Ba don rashin kula yake faɗa ba, haka ya ɗauki aikin tsakani da Allah.

Ana saura 'yan shekaru ya yi ritaya aka tura shi ya yanka sabuwar unguwa a kan wani tudu, daidai inda iyakokin garuruwan uku suka haɗu. Da suka hau sai suka tarar da shuɗayen turaku an kakkafa a saman. Ya ɗauka masu cinye filin gwamnati ne, ya sa leburori suka tuge su, suka kafa jajaye. Da ya koma bayan 'yan kwanaki sai ya ga jajayen an tara su tsaf a gindin wata bishiya, shuɗayen sun koma wurinsu. Ransa ya ɓaci. Washegari ya yi sammako ya je ya zauna a kan dutse yana jira.

Da hantsi wata farar mota ta hauro. Wata mata ta fito, da hular kwano da takalmin roba, ba za ta girme ni ba.

"Baiwar Allah, ke ce mai tuge mini turaku?"

"Au, kai ne mai tuge nawa? Sannu da aiki, Baba."

"Wa ya ba ki wurin nan?"

"Kai wa ya ba ka?"

Ashe injiniya ce daga hukumar ruwa. Da hayaniyar ta lafa ta yi masa bayani. A saman tudun nan za su gina babban tanki. A turo ruwa daga madatsa ya hau, daga nan ya gangaro da nauyinsa zuwa unguwanni. Duk faɗin garuruwan uku babu wani wuri mai tsayin da zai yi wannan aiki.

Baba ya ce ai an riga an raba wurin, takardu ma sun fita. Ya ɗauko taswirarsa ya shimfiɗa a kan motarta. Ta bi layukan da yatsa, ta tambayi abin da ke bayan tudun. Ya ce garin can ma suna yanka nasu, har bakin rafi. Na ukun kuma sun kusa kai wa gaɓar madatsar kanta.

Sai ta cire hular kwanon ta riƙe a hannu.

"Baba, mu lissafinmu na garin da muka sani ne. Wannan ai wani garin kuke haifa."

"Ba wanda ya gaya muku?"

"Wa zai gaya mana? Sai an gama gini an tare, sannan a zo mana da kukan famfo ba ruwa. Ku an taɓa gaya muku inda bututunmu ya tsaya?"

Ya ce ba a taɓa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin ofishinsa da nata, wurin mai shayi ɗaya masinjojinsu ke karyawa, amma sai a kan tudu suka san juna.

Ya dawo gida ranar bai iya cin abinci ba. Inna ta matsa, ya gaya mata. Ta ce, "To ai sai a sauya wa mutane wuri, mene ne na ƙin abinci?" Ya ce, "Fulotin Yaya yana saman tudun."

Goggo ta daɗe tana haya. Ta nemi fili ta jira shekara da shekaru, bai taɓa sa mata baki ba, sai a wannan rabon ƙuri'a ta faɗo kanta. Ta riga ta je ta gani. Ta gaya wa kowa irin iskar da ke kaɗawa a wurin, har ta zaɓi inda ƙofa za ta kalla.

Baba ya fara zuwa wurin daraktansu. Daraktan ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son abin da zai tayar da ƙura.

"Turke, takardu sun fita. Ka san mutane da fili."

"Yallaɓai, in muka raba tudun nan, duk wanda ke ƙasansa jarka zai ɗauka, shi da jikokinsa."

"Wannan matsalar hukumar ruwa ce."

"Haka ni ma nake cewa, Yallaɓai, sai da na ga taswirarsu."

Daraktan ya ce in Baba ya samo wurin da za a mayar da mutanen, kuma ya shawo kan sauran garuruwan biyu, shi zai kai maganar sama. Ina jin ya faɗa ne don ya san abu ne mai wuya.

Masu safiyon garuruwan can biyu abokan karatun Baba ne. Ya bi su har gida. Da ƙyar suka yarda su kawo taswirorinsu, kuma ba a ofis ba, don kowa na tsoron maigidansa. Haka falonmu ya zama wurin taro duk ƙarshen mako. Na sha zuwa in tarar an ture kujeru jikin bango, an shimfiɗa taswirori a ƙasa an danne su da kofuna da takalman Inna, manyan mutane huɗu sun durƙusa a kai har da Injiniya. Inna ta leƙo da butar shayi ta ce, "Sannunku da rarrafe."

Abin da suka gani ya ba su dariya, ya kuma ba su tsoro. Titin da wannan gari ya zana ya je ya shige cikin makarantar wancan. Wurin da ɗaya ya ware don zubar da shara yana sama da rafin da ke shiga madatsa. Injiniya ta gaya musu gaskiyar da ba su so ji ba: ko an gina tanki, ruwan madatsar ba zai ishi duk gidajen da suka zana ba. Dole wasu unguwannin su jira sai an faɗaɗa ta, gaɓarta kuwa kada a sake a gina ko ɗaki ɗaya. Sai rigima ta tashi, kowa na son nasa garin a fara kai wa bututu. Wata rana ɗaya daga cikinsu, wanda suke ce wa Gajere, ya naɗe taswirarsa ya fita a fusace. Can sai ga shi ya dawo wai ya manta hularsa. Inna ta ce tunda ya dawo sai ya ci abinci. Ya ci, ya sake shimfiɗa taswirar.

A ƙarshe suka tsayar da magana. A bar saman tudu ga tanki. Masu fulotai a wurin a mayar da su gefen hanyar da babban bututu zai bi. Sauran filaye a riƙa buɗe su daki-daki, gwargwadon yadda ruwa ya isa.

Sai abin da ya fi wa Baba wuya. Ya je shagon Goggo ya same ta tana ɗinki. Ya gaishe ta, ya tsaya ya yi bayani tun daga shuɗin turke har zuwa falo. Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ya gama.

"Auta, ni za ka tayar?"

"Yaya, ba ke kaɗai ba ce. Kuma za a ba ki wani, kusa da hanya."

"Kowa ƙaninsa ke samo masa fili. Ni nawa ƙwacewa zai yi."

"Ruwa ne, Yaya."

"Na ji. Matsa, kana tare mini haske."

Ya fito. Ba ta ƙara zuwa gidanmu ba, in ya kira ta a waya ba ta ɗauka. A gari kuma magana ta bazu cewa Turke ya sayar wa wani attajiri tudun, tankin ƙarya ne. Mutanen da suka saba tsayar da motarsa su gaisa suka koma kallon gefe.

Ana cikin haka 'yar Goggo ta haihu, ta je ta zauna mata. Unguwarsu sabuwa ce, gidaje masu kyau, banɗakuna da tayil, kowanne da famfo mai ƙyalli. Ko ɗigo babu. Rijiyar burtsatsen gidan ta ƙafe, don kowane maƙwabci ya haƙa tasa ta fi ta wancan zurfi. Mai kurar ruwa sai ranar da ya ga dama. Ga wankin jariri ba ya jira. Goggo, da shekarunta, ita ce tsaye a ƙofar gidan maƙwabta da bokiti tana jiran a buɗe. Ta tambayi surukinta wanda ya tsara unguwar ba ruwa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Kawu ne ya auna ta." Ta ce, "Uhm."

Ranar da aka tara masu fulotai a zauren wata makarantar firamare, na je. Zauren ya cika har tagogi. Daraktan ya yi gajeren jawabi ya koma ya zauna, ya bar Baba tsaye da taswira. Kafin ya kai tsakiyar maganarsa ihu ya rufe shi. Wani ya ce a faɗi nawa aka ba shi. Wani ya ce ko gawarsa ba za a sauko da ita daga tudun ba.

Sai na ga Goggo ta miƙe daga layin mata. Ban ma san ta zo ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta tsaya ne kawai har aka gaji aka yi shiru.

"Wannan dogon ƙanina ne," in ji ta. "Ni na raine shi. In ɓarawo ne da motarsa ba ta zama haka ba." Aka yi dariya. "Fulotina yana can sama, ya fi na kowa iska. Ban yafe masa iskar nan ba, kuma ba yau zan yafe ba. Amma na dawo daga gidan 'yata. Gida ne har gida, sai dai in za ka shiga banɗaki sai ka fara lissafin kofi nawa ya rage a bokiti. Ni na tsufa da wannan."

Ta juya wajen Injiniya. "Ke 'yata, ke ce mai ruwan?"

"Ni ce, Mama."

"To ki ji. Na yarda a mayar da ni. Amma ba zan aza bulo ɗaya ba sai na ga bututu a ƙofar filin da idona. Ba a takarda ba."

Injiniya ta dubi shugaban hukumarsu da ke zaune a gefe, ya gyaɗa kai. Ta ce za a binne bututu kafin a miƙa wa kowa sabon fili. Ba kowa ya gamsu ba. Wasu sun tafi kotu, maganar ta ja lokaci. Amma yawancin mutane sun bi bayan Goggo. Da aka tashi Baba ya nufe ta zai yi godiya, ta ce, "Ba don kai na yi ba. Kai ni gida, ƙafata na ciwo."

Daga wannan rigima aka kafa dokar da ake bi har yau. Babu garin da zai buɗe sabuwar unguwa sai hukumar ruwa ta ce ga inda ruwanta zai fito, ita ma hukumar ba ta zana bututu sai ta ga taswirar filaye. Aka naɗa kwamiti na garuruwan uku, taron falonmu ya koma ofis, Inna ta samu takalmanta.

Sai dai doka daban, ruwa daban. An binne bututu, an miƙa filaye, tanki ya tashi rabi, sai ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙarafa na tsatsa a saman tudu. A cikin wannan tsakanin Baba ya yi ritaya. Sauran masu ritaya suna zaman majalisa a ƙofar gida, shi kuwa sai ya tuƙa motarsa zuwa gindin tudun ya tsaya yana kallo. Yakan biya ofishin Injiniya, ta ba shi kujera ta ce, "Baba, muna bi." Ya rame. Goggo ta gina ɗakunanta sannu a hankali ta tare, da busasshen famfo a tsakar gida. Ba ta taɓa ce masa uffan a kai ba. Inna ta ce da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Daga baya aka kawo wani ɗan kwangilar. Aka ci gaba da aiki, amma Baba ya daina sa rai a fili. In an ce an kusa sai ya ce, "Allah ya sa."

Wata rana da hantsi ina gidanmu, na kawo yara su gaida kakanninsu. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga Goggo ce. Ya ɗauka a tsaye.

"Yaya, ina kwana? Lafiya?"

Muryarta har inda nake ina ji. "Ina fa lafiya! Auta, zo ka ga abin da ka jawo mini. Gidana ya cika."

"Ya cika da me?"

"Da me zai cika? Tun da na tare famfon nan a buɗe yake, wa ya san zai kawo? Na leƙa maƙwabta na dawo, tabarmata na iyo!"

Ya nemi makullin mota ya rasa, ashe yana hannunsa. Muka ɗunguma gaba ɗaya har da Inna. Tun daga bakin unguwar muka fara ganin yara jiƙe sharkaf suna guje-guje, mata na fitowa da robobi da tukwane kamar za a ɗauke ruwan kafin azahar. A kan kwana muka ga Injiniya da ma'aikatanta sun buɗe wani rami suna ɗaure inda ke yoyo, taɓo har gwiwa. Baba ya rage gudu. Ta ɗago ta ce, "Baba, kada ka tsaya, layinku na gobe ne in Allah ya yarda. Je ka ga Mama." Inna ta leƙo ta taga ta yi ta sa mata albarka har muka yi nisa.

Mun tarar da Goggo ta ɗaure zani ta kama tsintsiya tana koro ruwa ta ƙofa, tana ta faɗa ita kaɗai. Ta kashe famfon, amma kowane ɗan lokaci sai ta koma ta murɗa, ta ga ya zubo, ta sake rufewa. Baba ya tsaya a tsakar gidan, ruwa ya shanye masa takalmi.

Ta ɗauko kofi ta tara ta miƙa masa. "Ungo, sha. Kai ka fi kowa wahalarsa."

Ya shanye, ya ce a ƙara. Ta ƙara. Sannan ta ce ya shiga ciki ya zauna kafin ta gama, kada ya tsaya mata a hanya. Ni da Inna muka kama mata, muka shanya tabarmi a kan katanga, yara suka samu abin wasa.

Da muka gama na leƙa ɗaki in kira shi. Yana kan kujera, kansa ya jingina da bango, baki a ɗan buɗe, yana barci har da minshari. Na juyo zan yi magana, Goggo ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi," in ji ta. Ta sauke labule, ta kori yaran zuwa waje.

Sai bayan la'asar ya farka, ya ce yunwa yake ji.